Azumin da Gefen Bukar Ya Ƙi Tsayawa

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta ina kwance a tabarma, azumi ya gama murɗe ni. Fankar sama ta yi shiru, amma fukafukanta suka ci gaba da juyawa a hankali, kamar ba a gaya musu ba. Na kafa musu ido har suka tsaya. Hajara matata tana tankaɗe a bakin ƙofa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, fanka ce."

Na ce na sani.

Ta ce, "To sauke numfashin."

Ashe riƙe shi na yi. Ita ta san abin da ke taso min in na ga abu yana motsi bayan an kashe shi. Azumin shekarar da Maiduguri ta zauna babu wuta ne yake dawo min, lokacin da aka karya turakun da ke kawo mana lantarki daga yamma, gari ya koma fitila da mahuci wata da watanni.

Sunana Isa. A unguwarmu Ajilari Ba Isa ake ce min, irin kiran Barebari, ko da yake Bahaushe ne ni, kakana ne ya zo fatauci ya manta hanyar gida. Bokona ya ƙare ranar da na lura malaminmu ya fi riƙon bulala a kan alli. Lamba na sani, don da ita ake auna ƙarfe. Harafi kuwa daga nesa muke gaisawa. Sana'ata sassaƙar ƙarfe, tun ina da baƙin gashi, kuma duk tsawon nan tare nake da mutum ɗaya, Bukar. Babarbare ne dogo, siriri, ga cin goro, amma bai taɓa sayen nasa ba. Shi ya ɗan yi makaranta, yana karanta Turanci in an ba shi lokaci. Afuno yake kirana, wato Bahaushe a bakinsu, kuma yadda yake faɗa sai ka ɗauka sunan wata cuta ce.

Muna aiki a shagon Alhaji Sani, wani Bakano, a Bolori. Da tsofaffin injina muka saba, masu murɗawa da hannu. Sai Alhaji ya sayo wani na gwanjo daga waje, mai allo da maɓallai, girmansa ya kai ɗakin amarya. Ciki ɗaya ne, ƙofofi biyu masu gilashi. Gefen hagu akwai baki mai cafke ƙarfe yana juya shi, da hannu mai riƙe da haƙoran yanka. Gefen dama ma haka. Hagu nawa, dama na Bukar.

Wadda ta haɗa mana shi Rifkatu ce, injiniya, 'yar kudancin Borno, babanta ma'aikacin coci ne. Ta sha wahalarmu. Ranar da ta gama ta tsayar da mu gaban allo ta ce, "Baba, injin ɗaya ne, amma ƙwaƙwalwarsa tasha biyu ce. Ta ɗaya tana tafiyar da gefenka, ta biyu gefen Baba Bukar. Kowa da aikinsa, kowa da saurinsa. Amma na sa su a rukuni ɗaya."

Na ce, "Rukunin 'yan siyasa ko na 'yan tauri?"

Ta ce, "Rukuni shi ke faɗa musu halin da za su zauna. Ka tsayar, duk sun tsaya. Ka murɗa daga aikin kai-da-kai zuwa aikin hannu, duk sun koma aikin hannu. Don kada ka sa hannunka ciki ɗaya gefen yana gudu."

Bukar ya gyaɗa kai ya ce, "Wato liman ɗaya muke bi."

Ta yi dariya ta ce ita ma da ta san haka, da tun farko haka ta faɗa.

Da wuta ta tafi, aiki ya ƙaru, ba raguwa ya yi ba. Kowane injin niƙa da famfon burtsatse a gari ya koma kan janareto, ana azabtar da su, suna karyewa, ana kawo mana. Mu ma janareto ne, a bayan bango, kuma dizal ya yi tsadar da Alhaji kan tsaya a kansa kamar mai jinya. Daga hantsi zuwa azahar ake kunnawa, shi ke nan. Rifkatu kuwa ta koma Jos, don a nan babu wutar da za ta yi aiki da ita.

Cikin Sha'aban, wata safiya, Bukar ya zauna ya tsara wa gefensa aikin sandar wani injin niƙa na Kasuwar Litinin. Ƙarfen ma bai iso ba. Ya gama danne-dannensa, ya dafe goshi ya ce kansa na sara, zai je ya kwanta. Na ce lalaci ne. Wannan ce maganata ta ƙarshe da shi yana tsaye. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. Muka kai shi makwancinsa da rana tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Da muka buɗe shago bayan zaman makoki, Alhaji ya ce a gidansu ba a taɓa kayan aikin mamaci sai an yi sadakar arba'in. Ba a littafi ya gani ba, haka ya tarar. Ya rataya buhu a gilashin dama, ya ɗora hular aikin Bukar a kan maɓallin da ke kai mutum allon gefensa. Amma abu ɗaya ya dame shi. Duk sanda na murɗa nawa, na Bukar ma yana amsawa, tunda liman ɗaya ne. A wurin Alhaji wannan ma taɓawa ce.

Ya kira Rifkatu a waya ya ce a raba su. Ta yi mana gaisuwar rashi, sannan ta ce a ba ni. Ta yi ta faɗa min lambobi ina dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero, har muka kai wani wuri da aka rubuta ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ta ce na ƙasan shi ne rukunin tashar Bukar, in mayar da shi biyu, in kashe inji in kunna. Na yi. Sannan ta ce, "Saura abu ɗaya, kuma lallai ne. Ku shiga allon Baba Bukar ku sauke aikin da ke kansa."

Alhaji ya karɓi wayar ya ce, "To, to, Allah ya yi albarka." Ya kashe. Ya dubi hular nan ya ce, "Wannan kuma sai bayan arba'in."

Ni ma ban musa ba. Duk maganar da za ta rage min danne-danne gaskiya ce a wurina.

Aka ga wata. Wanda bai yi azumin nan a Maiduguri ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Yanzu mutum ya sha ruwa ya buɗe firij. A lokacin ƙanƙara ta zama abin da ake yi wa layi, a naɗo gutsurenta cikin tsumma, kafin a kai gida ta koma labari. A tsakar gida muke kwana, kan tabarmar da aka yayyafa wa ruwa. Da asuba Hajara takan ɗumama burabusko a gawayi, in tura shi da ƙyar, in cika ciki da ruwan randa har in ji yana kaɗawa. Kafin keke napep ya kai ni Bolori ruwan ya fita ta baya. Iskar da ke busowa kamar daga bakin tanda. Ganyen darbejiya ba ya motsi. Da hantsi ya ɗaga, titi kan yi shiru, sai ƙarar kurar 'yan garuwa daga nesa. Harshe ya bushe ya manne a ganɗa, ka yi magana ka ji kamar wani ne ke yi a bakinka. Shagonmu kuwa rufin kwano ne.

A farkon azumin ne abin ya fara. Na ɗaura wani guntun ƙarfe na famfo a gefena, na rufe ƙofa, na danna kore. Ya yi ta yanka. Can na tsayar, na murɗa zuwa aikin hannu, na zuge ƙofar hagu, na zura kai da kafaɗa da ma'auni. Makullin ƙofar nan ya daɗe da lalacewa, da waya muka ɗaure shi don inji ya ɗauka kullum a rufe take. Ciki shiru, sai gurnanin janareto ta bayan bango. Gefen Bukar duhu saboda buhun.

Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Bakin dama ya fara juyawa, babu komai a cikinsa. Farin ruwan nan mai sanyaya ƙarfe ya fara zuba a kan babu. Hannun Bukar ya taso daga mazauninsa a hankali, ya matso, ya bi iska a miƙe kamar yana shafa wani abu da ni ba na gani, ya ja baya, ya sake komawa.

Ban yi ihu ba. Ba jarumta ba ce, babu yawun yin sa. Abin da ya hana ni jiƙa wando ma azumi ne, don babu ruwan. Na zare kaina, na ja da baya har na taka ƙafata, na kashe babban makunni. Na zauna a benci ina kallon buhun. Na ce wa kaina yunwa ce.

Washegari bai motsa ba, ko kuma ban gani ba. Na fara murna da yunwata. Kwana ɗaya tsakani ya sake. Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne ba kullum yake yi nan take ba. Sai na buɗe ƙofa, na leƙa, na ga komai kwance, na sake jiki na zura kai, sannan ya tashi. Kamar dai yana jira ne in iso. Na koma ina yin sallama kafin in buɗe ƙofa, ni tsoho da gemu, ina yi wa ƙarfe sallama. Ban gaya wa kowa ba. Na koyi auna aiki da hannu ɗaya, ido a dama.

Da ni kaɗai ne da ya tsaya a nan. Amma a lokacin duk inda janareto ke ƙara, nan jama'a ke kawo wayoyinsu caji. Bencinmu kan cika da wayoyi kamar kifi a shanya. Modu mai walda, maƙwabcin shagonmu, ya shigo duba tasa daidai na buɗe ƙofa. Yana tsaye bayana yana min surutun farashin ƙanƙara, sai ƙas. Ya leƙa ta saman kafaɗata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a hankali, "Ba Isa, wa ya kunna wancan?"

Na ce, "Ɗauki wayarka."

Ya ce, "Gefen marigayi ne fa."

Na ce, "Modu, don Allah ɗauki wayarka ka riƙe bakinka."

Wayar ya ɗauka. Kafin la'asar masu keke sun kai labarin Kasuwar Litinin, ya dawo mana da ƙari. Wai an ga Bukar tsaye cikin injin da likkafani. Wai da ma ba da hannu yake aiki ba, akwai waɗanda ke yi masa, yanzu sun zo karɓar hakkinsu. Wai ƙasa ce ta ƙi shi. Mutumin da na sani tun muna samari, wanda babban laifinsa cin goron mutane.

Alhaji ya gani da idonsa, ya fita waje ya zauna a ƙasa. Ya kawo wani malami. Malamin ya yi addu'a, ya ce mamaci ba ya dawowa aiki, duk mai faɗin haka ya ji tsoron Allah. Alhaji ya ce ya matso ya duba da kyau. Ya ce daga nan ma yana gani sarai. Na ce wa Alhaji a kira Rifkatu. Ya ce, "Wannan ba na boko ba ne, Isa."

Wayoyi suka daina zuwa. Masu aiki suka koma aiko da ƙarfe ta hannun masu keke, su ma a bakin titi suke ajiyewa. Sai ni kaɗai cikin kwanon nan, da zafi, da gurnanin janareto, da buhu yana ɗan lilo in gefen can ya tashi. Wata rana na tarar da Alhaji da 'yan gwangwan suna zagaya injin daga nesa suna kiyasin nauyinsa. Na san in aka farfasa shi, maganar ta zauna ke nan har jikoki: an sayar da injin Alhaji saboda Bukar ya ƙi kwanciya.

Gidanmu da na Bukar lungu ɗaya ne a Ajilari. Hajara ce ke kai wa matarsa, Ya Falmata, kunun buɗa-baki tana takaba. Wani yammaci ta dawo da ƙwaryar a cike, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Jiya ma haka. Shekaranjiya ma. Dabino take gutsura ta kurɓi ruwa, shi ke nan."

Na ce, "Rashi ne."

Ta ce, "Rashi tana cin abinci. Tun da maganar shagonku ta shigo lungu ta daina. Mata na zuwa gaisuwa suna leƙen kusurwar ɗaki. Wata ta ce mata ta tuna ko akwai kayan wani a hannunsa. Matar nan ta rame, Malam, wuyanta kamar kara. Ta ce ka je."

Na je washegari bayan la'asar. Na zauna a zaure, ita tana bayan labule, Hajara na gefenta.

"Wushe, Ya Falmata. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Ba Isa." Muryar ta yi ƙasa sosai. "Ba na son na masu keke, ba na son na mata. Kai ka gani?"

"Na gani."

"Shi ka gani?"

"A'a. Hannun inji na gani."

"Me yake yi?"

Duk garin nan babu wanda ya yi wannan tambaya, har ni. Kowa tambayarsa wane ne. Na rufe ido, na bi tafiyar hannun da yatsa a kan tabarma. Doguwar tafiya, a dawo. A sake, ƙasa kaɗan. Mataki a tsakiya. A ƙarshe a nutsa a fitar da wuya. Yatsana ya san abin kafin kaina.

Na ce, "Sandar injin niƙa yake sassaƙawa. Wadda ya tsara ranar da ciwon ya kama shi."

"Ta yi kyau?"

"Babu ƙarfe a bakin, Ya Falmata. Iska yake yanka."

Na ji ta gyara zama. Ta ce, "Duk kwanakin nan yana yankan iska, ku maza kuna tsaye kuna kallo?"



Ta ce, "To ku sa masa ƙarfe."

Da safe na yi cajin wayata na kira Rifkatu ba da sanin Alhaji ba. Ban kai rabin labari ba ta tare ni.

"Baba, abu na biyun da na ce, kun yi?"

"Arba'in muke jira."

Ta ce, "Kana sa hannunka ciki?"

"Ɗaya kawai."

"Kada ka ƙara. Ko ɗan yatsa. Yanzu zan faɗa maka abin da za ka danna."

Na ce ta dakata, na gaya mata abin da Ya Falmata ta ce. Ta ce wannan ba a waya ba, tana zuwa.

Hanyar Damaturu a lokacin sai rana ta ɗaga ake bi, ana tafe ana addu'a tsakanin shingen sojoji. Ta kwana a hanya, ta iso mana da hantsi, leɓenta a bushe, ga gorar ruwa a jaka ta ƙi fitarwa. Na ce, "'Yata, sha abinki, ladanmu ne ke ƙaruwa." Ta ce sai an gama.

Ta miƙa hannu za ta ɗauke hular Bukar, Alhaji ya ce, "Injiniya, ba a yi arba'in ba."

Na ce, "Alhaji, mai takaba ta ce a taɓa."

Ya dube ni, ya dubi hular. Shi da kansa ya ɗauke ta da hannu biyu. Sannan ya fita ya kira Modu da duk wanda ke kusa. Suka taru a bakin ƙofa, ba wanda ya yarda ya zama na gaba.

Rifkatu ta buɗe allon ta juya gare su. Ta ce, "Koren maɓallin nan ɗaya ne, tashoshi biyun duk yake kira. In Baba Isa ya danna, gefen Baba Bukar ma ya fara aikin da aka bari a kansa. Da suna rukuni ɗaya, Baba ya tsayar duk sun tsaya. Da aka raba su, nasa kaɗai yake tsayarwa. Wancan ba wanda ya ce masa ya daina."

Modu ya ce daga baya, "To me ya sa yake laɓewa, sai mutum ya sa kai ya tashi?"

Ta gangara da rubutun ta nuna wasu layuka. "Ga su. Hutu ne, Baba Bukar ya sa da hannunsa, don ƙarfe ya huce. In aka buɗe ƙofa cikin hutun sai a ga kamar a kashe yake." Sai idonta ya faɗa kan wayar da muka ɗaure makulli da ita. Abin da ta faɗa mana ni da Alhaji a kan wannan ba zan rubuta ba, amma da ladabi ta faɗe shi, kuma mun cancanta.

Ta ce, "Da an bi ta tawa, yanzu zan sauke aikin nan in haɗa su, mu tashi."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ina ƙarfen?"

Bayan rasuwarsa ya iso, yana kusurwa tun Sha'aban, ya fara tsatsa. Na goge shi. Ta duba haƙoran yanka ɗaya bayan ɗaya, ta duba awo, ta kwance wayar ta gyara makullin. Ni na ɗaura ƙarfen a bakin dama, inda ban taɓa sa hannu ba sai don tsokanar Bukar. Muka cire buhun, muka rufe ƙofa. Ta ce, "Baba, kai za ka danna."

Na yi bismillah na danna.

Na ji bayanin, na kuma gane shi, iya ganewar mai karatu irin nawa. Amma da hannun nan ya taso ya ciji ƙarfe, ƙarar ta cika shago, tsigar jikina ta tashi fiye da ranar farko. Kowane masassaƙi da muryar yankansa. Ni gaggawa gare ni, ƙarfena kuka yake. Na Bukar wani dogon sauti ne mai laushi, ɓawon ƙarfe yana fita a naɗe kamar gashin tunkiya. Wannan sautin ne. Modu ma ya gane shi, na ga ya sunkuyar da kai.

Sai hannun ya ja baya, komai ya yi tsit. Hutu na farko. Na tsinci hannuna cikin aljihu yana lalube. A daidai nan ne Bukar yakan juyo ya ce, "Afuno, goro." Aljihun babu komai, azumi ake. Na bar hannun a ciki.

Ƙas, ya ci gaba. Ya fitar da mataki. Hutu na biyu ya fi tsawo. Nan ne yakan zagayo gefena, ya leƙa aikina, ya tsuke baki, ya koma bai ce komai ba. Na ji kamar in matsa gefe in ba da hanya. Ban sani ba ko na matsa. Mutum cike da bakin ƙofa, amma ba ka jin ko tari, sai ɗigar farin ruwa a cikin inji. Alhaji na riƙe da hular a ƙirji.

Ya tashi na ƙarshe, ya nutsa ya fitar da wuya, ya shafe jikin sandar tun daga kai har gindi a hankali. Bakin ya daina juyawa. Ruwan ya ɗauke. Hannun ya koma mazauninsa ya zauna. Muka jira. Wani daga baya ya ce a ƙara jira. Muka ƙara. Bai sake ba.

Rifkatu ta sauke aikin, ta koma wurin lambobin nan, ta mayar da biyu ɗaya, ta kashe ta kunna. Ta sa ɓangarorin biyu suna juyawa haka kawai, ta ce in tsayar. Na tsayar, duk suka tsaya. Na murɗa aikin hannu, allon ya nuna duk sun bi. Ta sa na maimaita a gaban Modu har ya ce ya isa. Sannan ta fita bayan shago ta sha ruwanta.

Sandar ta bi hannun mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya juya ta ya shafa. Modu ya ce, "Aikin Ba Bukar ne wannan." Na ce, "To ga masu keke can, tunda ka san hanya." Bai ji daɗi ba, amma ya tafi.

Alhaji ya ce kafin a kai wa mai injin niƙa, a fara kaiwa Ajilari. Na naɗe ta a buhun nan, na ɗora a cinya cikin keke. Na isa rana ta yi ja, lungu ya cika da ƙamshin ƙosai da hayaƙin gawayi. Hajara ta riga ni da ƙwaryarta. Na yi sallama na zauna a zaure, na tura sandar ta ƙarƙashin labule. Na ji ana warware buhu.

Ya Falmata ta ce, "Da ɗumi."

Na san rana ce ta buge ta a keke. Ban ce ba.

"Ya gama?"

"Ya gama. A gaban mutane. Ya koma wurinsa ya zauna."

"Ba zai sake ba?"

"Ba zai sake ba. Yarinyar ta haɗa mu yadda muke da."

"Ka auna?"

"Na auna, Ya Falmata. Ko gashi ba ya shiga. Na nemi abin da zan kushe ban samu ba."

Na ji wani ɗan sauti, ban sani ba dariya ce ko kuka, ban kuma tambayi Hajara ba har yau. Can masallacin lungu ya ɗauki kiran salla, ba lasifika, muryar ladan kawai, a dushe. Labulen bai motsa ba. Sai na ji ta ce, "Hajara, miƙo min kunun nan."

Na zauna a zauren da busasshen harshena ina sauraron ludayi yana shiga yana fita. Ban tashi neman ruwa ba sai da na ji yana kankarar gindin ƙwarya.